Idan fasfonka ya ɓace a Saudiyya: yadda za ka yi har ka dawo gida

Daren ashirin da uku ga azumi muka fito daga Harami bayan tahajjud, ni da gwaggona, cikin irin cunkoson nan da ba kai ke tafiya ba, jama'a ce ke tafiya da kai. Sai da muka iso bakin otal ta tsaya ta shafa gefenta, ta ce, "Ɗan nan, jakar nan fa ta yi mini sakayau." Ta zaro ta daga ƙarƙashin hijabi. An tsaga gindinta da reza, tsaf kamar aikin tela. Riyal ɗin da ta ware na tsaraba sun tafi, tabarau ya tafi, fasfo ya tafi. Saura kwana tara jirginmu ya tashi.

Mun dawo gida tare a ranar da tikitinmu ya ce. Amma kwana biyu na farko a banza muka ɓata su saboda rashin sanin inda za a fara, shi ya sa nake rubuta wannan.

Ka fara riƙe abu guda. Wanda ya yar da fasfo a ƙasar wasu abu biyu ya yar. Ɗaya shaidar cewa shi ɗan Najeriya ne, wannan ofishin jakadancin Najeriya ne zai mayar masa. Ɗayan kuma shaidar cewa ta ƙofa ya shigo, wato biza da hatimin shiga, wannan kuwa sai hukumar shige da fice ta ƙasar da yake, wadda a Saudiyya ake kira Jawazat. Mutane da yawa da zarar sun karɓi takarda daga ofishin jakadanci sai su ɗauka an gama, su ɗaure kaya su nufi filin jirgi, a can ne za a ce musu da sauran rina a kaba.

Awa ta farko: cigiya

Kafin ka faɗa wa kowace hukuma, ka tabbata ya ɓace da gaske. Dalili kuwa, da zarar an shigar da rahoto ana iya soke fasfon, lambarsa ta shiga rumbun bayanan takardun tafiya da aka sace ko suka ɓace, wanda hukumar 'yan sandan duniya Interpol ke riƙe da shi tun 2002. Bayan nan ko ka tsince shi a ƙasan akwati ya zama tsohuwar takarda. In ka miƙa shi a filin jirgi, kai za a tsare a yi ta tambaya.

Saboda haka ka zazzage akwati a kan gado, ɗaya bayan ɗaya. Duba aljihun jallabiya, cikin haramin da ka naɗe, belin kuɗi, cikin Alƙur'ani, ledar magani, ƙarƙashin katifa. Tsofaffi musamman sukan ɓoye abu su manta inda suka ɓoye. Sai ka sauka wajen masu karɓar baƙi na otal, domin sau da yawa su ne suka karɓa don ɗaukar kwafi ba su mayar ba. Tambayi ejan ɗinka ko jagoran tawaga ko yana cikin waɗanda ya tattara. Tuna inda ka fito da shi na ƙarshe: wajen canjin kuɗi, shagon layin waya, tashar jirgin ƙasa na Haramain, duk wurare ne da ake neman fasfo.

Daga nan ka je ofishin kayan tsintuwa na Harami. Ka tambayi kowane askar, wato jami'in tsaro, ko ma'aikaci, ka ce masa "mafƙudat", zai nuna maka. Akwai irinsa a Masallacin Annabi a Madina. Ɗan sane kuɗi yake nema, fasfo kaya ne a gare shi, yakan jefar a kwandon shara ko a lungu, masu shara su tsinta su kai. Ka je yau, ka koma gobe. Fiye da kwana ɗaya zuwa biyu kada ka ba wa cigiya, in kuma tafiyarka ta matso ko hakan ma ya yi yawa.

Idan aikin Hajji ka je ta hannun hukumar alhazai ta jiharku, lamarinka daban ne. Galibi fasfon alhazai ba ya hannunsu, kamfanin da ke yi musu hidima ne ke riƙe da shi har ranar komawa, alhaji yana yawo da katin shaidar alhazai, wato katin Nusuk, a wuya. In wani abu ya sami fasfonka, jami'in jiharku za ka gaya wa, shi ya kai maganar ga hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, su suka san hanyar. Abin da ke ƙasa ya fi shafar mai Umara, mai ziyara da ɗan kasuwa.

Haɗa abin da ya rage a hannunka

Zauna ka tara duk wata shaida. Hoton shafin fasfo mai ɗauke da fuskarka da lambarka shi ne sarki. In babu a wayarka, kada hankalinka ya tashi, ejan ɗin da ya yi maka biza yana da shi, otal ma yana da shi, wataƙila ma ka taɓa tura wa wani ta WhatsApp. Namu a wajen ɗiyar Gwaggo muka samo shi a Kano, cikin tsofaffin saƙonni. Sai kwafin biza, wadda yanzu ta intanet ake bayarwa, ana iya sake buga ta. Sai tikitin komawa, da lambar NIN, da katin zaɓe ko lasisin tuƙi in suna tare da kai.

Akwai wata lamba da mutane ba su damu da ita ba sai irin wannan rana. Lokacin da ka sauka Jidda ko Madina aka ɗauki zanen yatsunka da hotonka, an ba ka lambar shiga ƙasa, Larabawa na ce mata "raƙmul hudud". Da ita Jawazat ke ciro bayaninka a kwamfuta. In ba ka rubuta ta a wani wuri ba, kamfanin Saudiyya da bizarka ta fito ta hannunsa zai iya nemo maka.

Wannan kamfani ka neme shi da wuri. Duk bizar Umara da ejan ya yi a Najeriya tana rataye ne a wuyan wani kamfani a Saudiyya, sunansa na jikin bizar, kuma shi hukuma za ta tuhuma in ka wuce wa'adi. Wato shi ma yana da buƙatar ka fita lafiya. Ejan ɗinmu kwana biyu yana ce mana "ana kan magana, Alhaji, ku kwantar da hankalinku", ashe bai ma kira su ba. Ranar da na karanta sunan kamfanin a jikin bizar na sa mai otal ya kira mini su, a ranar aka turo mana wakili.

Je ka shagon hoto a ɗauke ka irin na fasfo mai farin bango, ka karɓi guda shida ko takwas. Kowace takarda ka yi mata kwafi uku. Ka sayi 'yar jakar roba ka zuba su ciki, ita ce fasfonka na 'yan kwanakin nan.

Rahoton 'yan sanda

Kira ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda kafin ka fita, ka tambaye su abin da suke so ka zo da shi da kuma inda za ka fara. Na ce haka ne saboda tsarin yakan juya: wani lokaci 'yan sanda za su rubuta maka rahoto kai tsaye, wani lokaci su ce sai ka kawo wasiƙa daga ofishin jakadancinku tukuna. Kira ɗaya zai rage maka zirga-zirga da kuɗin tasi.

Ofishin 'yan sandan unguwar da abin ya faru za ka je. Ka tafi da mai jin Larabci sosai, ba mai "kaif halak" kawai ba, domin da Larabci za a rubuta komai kuma kai za ka sa hannu. Wakilin kamfani ya fi, in babu ka nemi ɗalibi cikin 'ya'yanmu da ke karatu a Makka ko Madina. Kalmomin da za ka yi ta ji: "jawaz" fasfo ne, "shurɗa" 'yan sanda, "balag" rahoto, "ƙunsuliyya" ƙaramin ofishin jakadanci.

Faɗi gaskiyar abin da ya faru. In sata ce ka ce sata, in faɗuwa ya yi ka ce faɗuwa, in ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba. Kada wani ya koya maka labari wai don a fi tausaya maka, gobe a wani ofishin za a sake tambayarka, in bakinka ya zama biyu ka jawo wa kanka zargi. Gwaggo ta tafi da jakar da aka tsaga, askar ɗin ya juya ta ya duba, bai ƙara tambaya ba.

Kafin ka bar teburin, a karanta maka abin da aka rubuta. Sunanka ya zama daidai da yadda yake a fasfo, harafi da harafi, lambar fasfo ma haka. Mu Hausawa muna da matsalar Muhammad da Mohammed da Muhammadu, Aisha da A'ishatu, ga sunan gari da wani ke sawa a ƙarshe wani ya cire. Harafi ɗaya ya isa a mayar da kai baya. Karɓi takardar ko lambar rahoton, ka ɗauke ta hoto nan take. In kuwa ƙwace aka yi maka da ƙarfi ko aka ji maka ciwo, 911 ake kira a yankin Makka da Jidda.

Ofishin jakadanci

Najeriya na da babban ofishin jakadanci a Riyad da ƙarami a Jidda. Mai Umara na Jidda ne nasa. Daga Makka tafiyar kamar kilomita 80 ce, daga Madina kuwa ta haura 400, sai ka yi shirin kwana. Ka tuna Juma'a da Asabar hutu ne a Saudiyya, ofisoshi kuma na rage lokacin aiki da azumi, ga hutun Sallah da ke rufe ma'aikatun gwamnati na kwanaki. Wanda fasfonsa ya ɓace a goman ƙarshe, kwanakin aikin da ke gabansa ba su kai yawan da yake gani a kalanda ba. Da muka lissafa namu kwana taran, cikina sai da ya ɗuri ruwa.

A hanya akwai shingayen bincike. In an tsayar da ku, rahoton 'yan sanda da kwafin fasfo da biza za ka nuna, shi ya sa ba a fita ba tare da jakar robar nan ba. Ka yi sammako. Mai fasfon da kansa zai je, ba aike, ko da tsoho ne a keken guragu.

Abin da za ka nema sunansa takardar tafiya ta gaggawa, ma'aikatan na ce mata ETC. Ga yadda take: tafiya ɗaya ake yi da ita, zuwa Najeriya kawai, kuma wa'adinta gajere ne, yana rubuce a jikinta. Ba za ka wuce Dubai sarin kaya da ita ba, ba za ka tsaya Alƙahira ganin likita ba. Sabon fasfo cikakke ana iya nema a ofisoshin jakadanci, amma yana ɗaukar lokacin da baƙo mai biza ta 'yan kwanaki ba shi da shi. Wannan hanyar mazauna ƙasar ce masu iƙama, wato takardar izinin zama.

Za a ba ka fom ka cika, a karɓi hotuna, rahoton 'yan sanda, kwafin fasfo da biza da tikiti, wataƙila a ce ka rubuta 'yar wasiƙa kana bayanin yadda abin ya faru. Akwai kuɗin da ake biya. Tambayi adadin a bakin ma'aikacin da ke kan tebur, ka biya inda aka ce, ka karɓi rasit.

Sannan a yi maka tambayoyi don a tabbatar kai ɗan Najeriya ne. Kada ka ji haushi. Hausa ba ta isa shaida ba, ana jin ta a Maraɗi da Damagaram, ana jin ta a Kumasi da Garwa, ga waɗanda aka haifa a Makka da Sudan da ba su taɓa taka Najeriya ba. Jami'in ya dubi Gwaggo ya ce, "Hajiya, wace ƙaramar hukuma?" Ta faɗa. "Wace unguwa? Ranar wace kasuwarku ke ci?" Nan Gwaggo ta gyara zama ta fara ba shi tarihin garin tun daga auren kakarta, sai da ya yi dariya ya ce, "Ya isa, Mama, na yarda." Wanda ke da kwafin fasfo da NIN abin kan zo masa da sauƙi. Wanda ba shi da komai zai iya buƙatar 'yan ƙasa da suka san shi su tsaya masa.

'Yan'uwanmu na Nijar su ma ofishin jakadancin ƙasarsu za su nufa, takardar tasu lesefase ake ce mata, amfaninta ɗaya da tamu.

A bakin irin waɗannan ofisoshi ba a rasa mutanen da za su tare ka da fara'a, da Hausa tsantsa, su ce sun san wani a ciki, ka kawo riyal kaza a gama maka yau. Wasu ma har su ce akwai fasfon wani mai kama da kai. Na farko kuɗinka kawai zai ci. Na biyu kuwa gidan yari yake kai ka, domin zanen yatsunka na cikin kwamfutar Jawazat tun ranar da ka sauka, kuma yatsa ba ya kama da na wani. Haka nan masu ba da shawarar wai ka miƙa kanka a kama ka a kai ka Tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, a mayar da kai gida kyauta. Wanda aka kora ta nan akan hana shi dawowa ƙasar na shekaru, ga zaman tsare da ba ka san ranar fitarsa ba. Mai biza mai rai ba shi da abin yi a can.

In an miƙo maka takardar, ka karanta ta a tsaye a wurin: suna, ranar haihuwa, hoto, hatimi, ranar ƙarewa. Ka yi mata kwafi.

Jawazat, sannan kamfanin jirgi

Nan ne rabin na biyu. Takardar da ke hannunka sabuwa ce fil, babu biza a jikinta, babu hatimin shiga, kwamfutar filin jirgi kuma tsohuwar lambar fasfonka ta sani. Dole Jawazat ta haɗa bayaninka da sabuwar takarda ta ba da izinin fita. Tambayi ofishin jakadanci wane ofishin Jawazat za ka je, ka tafi da wakilin kamfanin da ya yi maka biza, da lambar shiga ƙasar nan, da dukkan takardunka. Za a iya sake ɗaukar yatsunka. Kada ka bar wannan sai ranar tafiya.

Ka sa ido kan wa'adin bizarka. Ɓatan fasfo ba ya tsayar da lissafin kwanaki, wuce wa'adi kuma tara ce da wahala. Ban da wa'adin biza, Saudiyya kan sa ranar da dole masu Umara su fice kafin Hajji. A 2025 ranar 1 ga Zulƙida aka sa.

Wannan mataki ba Saudiyya kaɗai ba ne, suna ne ke canzawa. Wanda ya kai mara lafiya Indiya, ofishin rajistar baƙi da ake kira FRRO ne zai ba shi izinin fita. Ɗan kasuwa a Guwanzu ta ƙasar China zai fara da 'yan sanda, ya karɓi takardar tabbatar da ɓatan fasfo daga ofishin shige da fice, ya je ofishin jakadancin Najeriya, sannan ya koma shige da fice a ba shi bizar fita. Duk inda kake, tambayar ita ce: wa zai ba ni izinin fita?

Daga nan ka je ofishin kamfanin jirginka ko ka kira su, ka ce da takardar gaggawa za ka yi tafiya, a gyara bayanin tikitinka. In jirgin kai tsaye ne daga Jidda zuwa Kano ko Abuja, ka huta. In kuwa zai ya da zango a Adis Ababa, Alƙahira ko Doha, ka tambaya ƙarara ko za a bar ka ka wuce da ita. Zama a ɗakin jira a canza jirgi daban ne da doguwar tsayawar da sai an fita da kai otal a cikin gari, domin fitar nan shiga ƙasa ce. In ta kama a canza tikiti zuwa na kai tsaye, a canza, asarar ta fi sauƙi a kan a bar ka a tsakiyar hanya. Ranar tafiya ka riga kowa isa filin jirgi, don sai an kira babba ya duba takardarka. Mu kusan awa guda muka yi a gefe muna kallon 'yan tawagarmu na wucewa da jarkokin zamzam.

Bayan ka sauka gida

Jami'an shige da fice a filin jirgi za su yi maka 'yan tambayoyi, kuma akan karɓe takardar gaggawar a nan, aikinta ya ƙare. Shi ya sa na ce ka yi kwafi tun a Jidda. Ka adana shi tare da rahoton 'yan sandan Saudiyya, su ne za su gaskata ka wajen neman sabon fasfo.

Neman fasfo bayan ɓata ba kamar sabuntawa ba ne. Ana buƙatar rahoton 'yan sandan Najeriya da takardar rantsuwa ta kotu, sannan ka cika fom a shafin intanet na Hukumar Shige da Fice, ka zaɓi cewa ɓata ya yi. Kada ka yarda wani ya cika maka a matsayin sabon nema kamar ba ka taɓa yin fasfo ba, yatsunka na cikin rumbunsu, za a gano. Bayaninka na NIN ya dace da na tsohon fasfo, in akwai saɓani ka fara gyara shi. Tun 1 ga Satumba 2025, a cikin Najeriya fasfo mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 kuma 200,000, wanda ya yar da nasa kuma akwai ƙarin da ake ɗora masa. Yakan fi jinkiri saboda sai an bincika an amince, don haka kada ka sa ranar wata tafiya kafin ya fito.

In akwai bizar wata ƙasa mai rai a cikin wanda ya ɓace, ka sanar da ofishin jakadancinsu. Ta Amurka, alal misali, ba a mayar da ita cikin sabon fasfo, sai ka sake nema daga farko. In kuma wata rana aka kira ka aka ce an tsinci tsohon, karɓa ka kai wa shige da fice, ba na tafiya ba ne kuma.

Ba a fafe gora ranar tafiya, to ga abin da nake yi yanzu kafin kowa nawa ya hau jirgi. Ina ɗaukar hoton shafin fasfo, biza da tikiti, in tura wa mutum biyu a gida, in tura wa kaina ta imel, domin wayar ma ana sacewa. Ina buga kwafi biyu a takarda, ɗaya a akwati ɗaya a jakar abokin tafiya, tare da hotuna huɗu. Bayan an sauka ina ƙara ɗaukar hoton shafin da aka buga hatimin shiga. Zuwa Harami kuwa, katin otal da kwafi da hoton biza a waya ake ɗauka, fasfo yana kulle a akwatin ajiya na ɗaki, sai ranar da za a canji kuɗi ko a hau jirgin ƙasa.

Gwaggo ba ta yarda da akwatin otal ba. Da za ta koma Umara da sabon fasfonta, tela ta sa ya ɗinka mata aljihu mai zif a cikin shimi, ta ce wanda ke so ya zo ya yanka.